Faifan da Zira Ya Tafi Karɓowa

Lawali mai gyaran rediyo yana duƙe a kan wata talabijin da tsawa ta ƙona lokacin da wata mata ta tsaya a ƙofar shagonsa na Sabon Layi ta tare masa haske. Bai ɗago ba. Ya ce ta ajiye abin da ta kawo a kan benci, ta dawo jibi.

"Ban kawo komai ba, Baba Lawali. Christy ce."

Sai da ya ajiye sukundireba a hankali sannan ya dube ta. Christy ce kuwa, 'yar abokinsa Ticha Ezekiya. Rabon da ya gan ta kusa haka shekara goma ke nan. A lokacin 'yar makaranta ce, yanzu ga ta da zoben aure da jakar ma'aikata. Ya share mata kujera da hannun rigarsa, suka gaisa. Ya tambayi Yola inda ya ji tana koyarwa, ya tambayi maigidanta, ya tambayi mahaifiyarta. Mutum ɗaya ne bakinsa ya kasa tambaya, sai ita ta kawo maganarsa.

"Baba ba shi da lafiya. Suga ya cinye masa ido, yanzu kuma ƙoda ta taɓu. Wata biyu muna kai shi wankin ƙoda a Yola, sai ya ce ya gaji, a mayar da shi gidansa. Mun yi kuka, mun kira fasto, ya ƙi." Ta murza hannun jakarta. "Shi ya aiko ni. Ya ce in tambaye ka, wai mutumin nan yana nan har yanzu?"

"Wane mutum?"

"Ya ce za ka gane. Ya ce in yana nan, to ranar Asabar bayan la'asar."

Lawali ya gane. Ya ce, "Ki ce masa yana nan."

Mutumin da ake magana ba ɗan Mubi ba ne, ba ma ɗan duniyar nan ba ne. A cikin talabijin yake.

A 1984 Lawali yana ɗan shekara ashirin, yana aiki a wannan shagon ƙarƙashin mahaifinsa, wanda ya zo Mubi daga Gusau da akwatin kayan gyara guda ɗaya. Wata rana aka aiko daga gidan wani malamin Poli da ya dawo daga karatu a Ingila da bidiyo da kwali guda cike da kaset-kaset. Bidiyon ya haɗiye kaset ya ƙi fitarwa. Malamin ba ya gida. Wanda ya buɗe ƙofa ɗan 'yar'uwarsa ne, Ezekiya, wani dogon saurayi daga duwatsun Michika da ke karatun koyarwa. Lawali ya ciro kaset ɗin, ya goge kan injin, ya ce a sa wani a gwada. Gwajin minti biyu aka yi niyya. Sai kiran magariba ya tashe shi daga gaban talabijin, ya koma shago mahaifinsa ya wanke shi da faɗa tas.

Shiri ne na Turawan Ingila, wanda aka fara tun kafin a haifi Lawali. Labarin wani matafiyi ne da ke yawo a jirginsa tsakanin taurari, yau yana shekara dubu baya, gobe yana shekara dubu gaba, duk inda ya sauka kuma sai ya tarar da mutane cikin masifa ya tsoma baki. Ba ya riƙe bindiga. Surutu gare shi da dabara, da kuma gudu, domin ba a taɓa gama kaset ba a yi gudu ba. In ɗan wasan ya gaji sai a kawo wani, a ce mutumin ne ya sake fuska, labari ya ci gaba. Shirin yana da sunansa na Turanci, amma su biyun ba su taɓa kiransa da komai ba sai "mutumin".

Turancin Lawali bai wuce sunayen kayan rediyo ba, don haka Ezekiya ke fassara masa, yana yi yana kwaikwayon murya. Shi kuma Lawali aikinsa tona asirin masu shirin.

"Dubi ƙafar dodon nan, Ticha. Takalmin ruwa ne aka shafa wa fenti."

"Injiniya, don Allah ka bari a ji tsoro mana!"

Tun kafin Ezekiya ya fara koyarwa Lawali ke kiransa Ticha, shi kuma yana rama masa da Injiniya, sunayen suka bi su. Da malamin ya sami canjin wurin aiki sai ya bar wa Ezekiya kwalin. Sun kalli kaset-kaset ɗin har hotunansu suka koɗe. Akwai wani labari da kaset ɗinsa na ƙarshe ya ɓace, suka shekara ashirin suna gardama kan yadda ya ƙare. Ranar da suka same shi a faifai suka ga ƙarshen bai kai ko ɗaya daga cikin nasu daɗi ba, suka yi ta dariya har Tabitha, matar Ezekiya, ta leƙo ta ga ko lafiya.

Kowa ya yi aure, kowa ya haihu. Turawa suka dakatar da shirin shekaru da yawa, sannan suka dawo da shi da sabbin fuskoki, su kuwa ba su taɓa dakatar da Asabar ɗinsu ba. In Lawali ya idar da la'asar sai ya kama hanyar Lokuwa, unguwar su Ezekiya. Tabitha na ajiye masa buta da tabarmar salla a ɗakin baƙi. Zira, ɗan farin Ezekiya, a kan cinyar Lawali ya fara kallon mutumin. In dodo ya fito sai ya cusa kansa cikin babbar rigar Lawali, yana leƙe ta wuyan rigar da ido ɗaya.

Haka aka yi ta tafiya har damina ta 2014 ta ƙare. A lokacin gari ba daɗi. Masu tayar da ƙayar baya sun kama Michika, dangin Ezekiya sun cika gidansa, yara na kwana har a baranda. An ce sun kai Uba. Duk da haka ana buɗe shaguna, domin mutum bai san inda zai je ba. Shirin kuma yana cikin sabon zango da sabon ɗan wasa, wani mai furfura da haɗe rai wanda Ezekiya ke so, Lawali kuwa yana cewa mutumin ya zama kamar hedimasta. Lawali ke samo sababbin kashi ya zuba su a faifai.

Ranar Laraba ta ƙarshen Oktoba da safe wayarsa ta yi ƙara. Zira ne. A lokacin yana da shekara ashirin da shida, ya gama Poli, yana aiki a wani shagon maganin dabbobi kusa da kasuwar shanu.

"Baba Lawali, kana shago? Baba ya ce in karɓo faifan, yaran nan sun ishe shi da kuka, ko za su yi shiru."

"Ina nan. Zo."

Ba a yi minti goma sha biyar ba aka fara jin harbi, irin wanda bai taɓa ji ba, mai girgiza kwanon rufi. Titi ya cika da mutane, mata da yara a baya, wasu ba takalmi. Lawali ya ja ƙofa ya sa kwaɗo ya ruga gida. Ya kwashi matarsa Adawiyya da yara suka bi ayari ta duwatsu, kwana uku a ƙafa har cikin Kamaru, daga can a bayan babbar mota zuwa Yola.

Zira bai koma gida ba. Bayan an dawo gari, wani tsohon mai gadi da bai iya gudu ba ya kawo wa Ezekiya katin shaidar aikin Zira a cikin gwangwanin madara. Ya ce a lungun bayan shagon Lawali ya sami gawar Zira da ta wasu mutum biyu, ya haƙa rami ya rufe su iya ƙarfinsa.

Lawali ya je ta'aziyya. Ezekiya ya ba shi hannu ya ce ya gode, idonsa na kan ƙasa. Tabitha ta shige ɗaki. Ya sake komawa sau biyu, aka ce Ticha ba ya nan, alhali ga kekensa jingine a bango. Daga nan in sun haɗu a kasuwa sai ɗaga hannu daga nesa, a hankali ɗaga hannun ma ya tsaya.

Abin da ya fi ba Lawali kunya shi ne bai daina kallon shirin ba. Ya yi shekara ɗaya yana ƙin ko jin sunansa. Sai wata rana da tsakar rana, kasuwa ta yi sanyi, ya tura ƙyauren shago ya kunna kashin da ke cikin faifan nan, don ya ga abin da aka rasa rai a kansa. Ya kalla yana jin haushi, ya gama ya nemi na gaba. Yanzu Turancinsa ya isa ya bi rabin maganar, sauran rabin yana cikewa da ka. Sau da yawa yakan juya hagu zai ce, "Ka ga wayar da ke riƙe da jirgin nan?" sai ya ga tarin matattun rediyo.

Da ya koma gida ranar da Christy ta zo, ya gaya wa Adawiyya. Tana tsince shinkafa, ba ta tsaya ba.

"Sai ka je, Malam."

"Ban san abin da zan ce masa ba."

"Ai ba magana ya kira ka ba. Kallo ya ce. Zan dama kunun gyaɗa ka kai wa Maman Zira, ba sukari."

Ranar Asabar ya sa kwamfutarsa a jaka da ƙaramar sifika, ya tari keke napep zuwa Lokuwa, kwanon kunu a kan cinyarsa. Itacen mangwaron ƙofar gidan ya yi girma har ya rufe rabin rufi. Tabitha ce ta buɗe. Kanta ya yi fari fat. Ya buɗe baki zai gaishe ta da sunan da ya saba, sunan ya maƙale masa, sai ita ta karɓi kwanon, ta kira shi da sunan ɗansa ta ce, "Shigo, Baban Habib. Tun safe yake tambayar ƙarfe nawa."

Ezekiya na kwance a doguwar kujera a baranda, an rufe masa ƙafafu da zane. Dogon mutumin nan ya zama kamar an ninke shi biyu. Ƙafafun sun kumbura, fuskar ta faɗa, idanun a buɗe suke amma gefen Lawali suke kallo.

"Injiniya. Har yanzu kana jan ƙafar hagu in kana tafiya."

"Ticha. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Zauna nan, ta dama, kunnen nan ya fi ji. A ina muka tsaya?"

Lawali ya gaya masa. Ezekiya ya gyaɗa kai ya ce shi ma nan ya tuna. Aka ɗora kwamfuta a kan kujerar roba. Da kiɗan buɗe shirin ya tashi, Ezekiya ya runtse ido, Tabitha kuwa da ke tsaye a ƙofar kicin ta juya ta koma ciki ta ja labule.

Minti biyar da farawa Ezekiya ya ce, "Tsaya. Ina jin gudu, ban san wa ke gudu ba. Haske kawai nake gani yana motsi. Sai ka gaya mini."

Haka suka koma yi. Lawali na faɗin abin da ke kan allo, Ezekiya na fassara masa Turancin da ya yi masa sauri. Da farko Lawali na ba da labari a taƙaice, kamar mai ba da shaida. Ezekiya ya ce ba haka ba, yana son ya san launin sama, da irin rigar yarinyar da ke tafiya da mutumin, da yadda mutumin ya yi da girarsa. Kashi ɗaya na minti arba'in da biyar sai ya ci musu awa ɗaya da rabi. Da magariba ta yi, Lawali ya tashi zai nemi masallaci, sai ya ga buta cike da ruwa a bakin ɗakin baƙi.

Asabar uku suka yi ba wanda ya ambaci Zira. A ta huɗu suka kai wani kashi inda wani abokin tafiyar mutumin ya mutu, aka roƙe shi ya koma baya ya hana, ya ce ba zai iya ba. Ezekiya ya fassara maganar har ƙarshe da murya daidai, sannan ya ce a kashe.

Suka zauna. Ana jin Tabitha na daka a bayan gida.

"Ka san abin da ya sa na daina kallo?" in ji Ezekiya. "Ba don faifan ba. Mutum yana da jirgin da zai kai shi kowace rana da ya ga dama. Ni kuma rana ɗaya kawai nake so, safiya ɗaya. Na ji ba zan iya kallonsa yana wasa da ita ba." Ya yi tari, ya goge baki. "Ashe shi ma akwai ranakun da suka fi ƙarfinsa. Na manta da haka."

Lawali ya ji in bai faɗa yanzu ba, ba zai taɓa faɗa ba. Ko Adawiyya bai taɓa gaya wa ba.

"Ticha, Zira ya sake kirana ranar."

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Bayan na kulle shago. Ina gudu, na kai wajen gidan mai, wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na ciro na ga sunansa. Na ce bari in isa gida in kira shi. Na mayar aljihu." Ya sunkuyar da kai. "Ban sake tuna shi ba sai da rana ta faɗi muna kan dutse, a lokacin ba sabis. Ni na ce masa ya zo. Da na ɗauka, kalma ɗaya ce, in ce ya koma."

Dakan ya tsaya a bayan gida, ya ci gaba. Ezekiya ya daɗe yana shafa zanen da ke kan gwiwarsa.

"Ƙarfe nawa?"

"Ban duba ba. Harbin bai daɗe da farawa ba."

"To bayan ya kira ni ne." Ya juyo da fuskarsa wajen Lawali, idanun suka sauka a kan kafaɗarsa. "Ni ya fara kira. Ya ce, Baba, ana harbi, in dawo? Ni kuma na ɗauka irin na kullum ne, sojoji na gwada bindiga. Yara na ta ihu a kaina. Na ce masa, ai ka kusa, karɓo ka dawo da sauri. Ni na ɗauki wayar, Injiniya. Kai ba ka ɗauka ba, ni na ɗauka, ga abin da na ce."

"Innalillahi," in ji Lawali a hankali.

"Uwarsa ba ta sani ba. Kada ka gaya mata, ko bayan raina. Ta isa haka." Ya numfasa. "Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Shekara uku ko huɗu ina cewa me ya sa bai jira yaron ba, me ya sa bai bar ƙofa a buɗe ba. Bayan haushin ya ƙare kuma sai na rasa fuskar da zan zo maka da ita. In na gan ka a kasuwa, muryata nake ji a waya."

Lawali ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Ezekiya ya laluba har ya sami hannunsa, ya riƙe. Ba wanda ya ce ya yafe wa wani. Da aka jima Ezekiya ya ce, "Kunna. Saura minti nawa?"

Daga wannan makon suka ƙara Talata da Alhamis. Lawali na rufe shago da azahar, masu kaya na ƙorafi, bai kula ba. Jikin Ezekiya na ta ja baya. Abinci ba ya zama masa, wani lokaci barci na ɗauke shi a tsakiyar fassara, Lawali ya tsayar da hoton ya jira. Kashi na shekara goma ne a gabansu, kowa ya san ba za su kai ba.

Wata Alhamis Ezekiya ya ce, "Injiniya, bar jeri. Gaya mini abin da ke gaba. Mai furfuran nan shi ne har yau?"

"A'a. Bayansa mace aka ba."

"Mace?"

Daga cikin ɗaki Tabitha ta ce, "To, sai me?" Ashe tana ji duk kwanakin nan.

"Ba komai, Mama, ba komai," in ji Ezekiya yana murmushi. "Ta iya?"

"Ta iya gudu. Surutu kuwa ta fi su duka. Daga baya kuma aka ba wani baƙar fata."

"Baƙi kamar mu?"

"Kamar mu. Saurayi, siriri, mai yawan dariya."

Ezekiya ya ce, "Zira ya taɓa tambayata, yana aji uku na firamare, wai me ya sa mutumin ke sake fuska amma kullum fari yake fitowa. Na ce masa ya yi shiru ana magana." Ya juya kai gefe. "Ka sa mini muryarsa in ji, ko minti biyar."

Lawali ya nemo, ya sa. Ezekiya ya saurara har minti goma, bai fassara ko kalma ɗaya ba, Lawali ma bai faɗi abin da ke kan allo ba.

Asabar ta ƙarshe Christy ta zo daga Yola, tana kicin da mahaifiyarta. Ezekiya ya farka da ɗan ƙarfi ranar, har ya sha kunu rabin kofi. Suna cikin kallo wani dodo ya fito daga cikin ruwa, kiɗa ya yi sama, Ezekiya ya ce, "Mene ne? Yaya yake?"

Lawali ya ƙura ido. "Ticha, ka san buhun gawayi in ruwan sama ya dake shi? To shi ne, amma an kifa masa kwandon kifi a ka. Kuma wallahi yanzu ma da kwamfuta da komai, ga zif ɗin nan a bayansa."

Ezekiya ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, aka ɗaga shi aka ba shi ruwa, ya sake tunawa ya sake fashewa, hawaye na bin kuncinsa. "Shekara arba'in," ya ce da ƙyar, "ba ka bar ni na ji tsoro ba ko sau ɗaya."

Ranar Litinin ya daina magana. Ranar Laraba da hantsi Christy ta kira.

A ƙauyensu da ke bayan Michika aka binne shi, a gindin dutse, kusa da iyayensa. Lawali ya bi motar 'yan coci. Ya zauna a bencin baya, hularsa a hannu, yana jin waƙoƙin da bai san harshensu ba. Tsofaffin ɗalibai suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin yadda Ticha ya koya musu lissafi da sunayen taurari. A bakin kabari wani dattijo ya miƙa wa Lawali shebur ba tare da ya tambaye shi ko wane ne ba, ya zuba ƙasa sau uku ya miƙa wa na gaba. Tabitha ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ce ya gaida Adawiyya. Ya dube ta, ya tuna abin da aka ba shi ajiya, ya ce za ta ji.

A hanyar dawowa motar ta tsaya a Uba mutane suka sayi rake da gyaɗa. Shi bai sauka ba.

Bayan mako uku, wata Talata da rana, yana shago wayarsa ta yi ƙara. Christy ce daga Yola. Suka gaisa, ya tambayi mahaifiyarta, ta ce da sauƙi, ta koma wurinsu da zama.

"Baba Lawali, akwai abin da nake son in tambaye ka. Ranar Asabar ɗin nan, muna kicin muka ji Baba na dariya. Mama ta saki ludayi ta zauna a ƙasa. Tun ina sakandare ban ji wannan dariyar ba. Me ka ce masa?"

Lawali ya gaya mata. Buhun gawayi, kwandon kifi, zif. A bakinsa yanzu maganar ta fito ba daɗi, kamar lissafin kaya, shi kansa ya ji ba abin dariya a ciki. Daga can ɓangaren ya ji tana jan hanci.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, 'yata. Sai kin ga abin da idonki."

"Ni ban taɓa zama na kalla ba. Na Zira ne da Baba, ni ina ganin shirme ne." Ta sake jan hanci. "To dodon, me ya zo nema? Sun kashe shi?"

"A'a, ba a kashe shi ba. Ashe ba mugu ba ne, 'ya'yansa yake nema. Amma ba daga nan labarin ya fara ba."

"Ina hutun rabin awa," in ji Christy.

Wani mutum ya tsaya a ƙofa da fanka a hannu. Lawali ya yi masa alama ya ajiye ya dawo anjima, ya jawo kujera ya zauna, ya gyara wayar a kunnensa.

"To, wani gari ne a bakin teku," ya ce, "kuma masunta sun fara ɓacewa."